Amsa ga Malam mai tambaya kan amfanin masu binciken magani

Malam, ka tambaya me binciken likitoci kan antibiyotik, wato magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ya tsinana mana ban da tarin takardu. Wallahi ya tsinana.

A jihar Dosso ta Nijar aka gwada ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 wani antibiyotik mai suna azitromisin sau biyu a shekara. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100. Masu binciken nan dai suka gano ƙwayoyin cuta sun fara jure wa maganin, kuma ba su ɓoye ba.

Wannan juriyar ce ke damuna a nan Damagaram. Jiya maƙwabciyata ta sayi kafso biyu a tiren mai talla, ta fasa ɗaya cikin kunu, ta ɗura wa jaririnta mai mura. Na roƙe ta ta kai shi likita.