Saba ta mutu amma kira bai yanke ba, ya aka yi haka?

Tambaya: Salam malam. Ofishinmu yana Katsina wajen Ƙofar Ƙaura, muna da reshe a Daura, wayoyin teburinmu duk ta intanet suke aiki. Rannan babbar sabarmu ta mutu, masu magana ba su yanke ba amma sabon kira ya ƙi shiga sai da aka ɗan jima. Mai gyara ya ce wai sabar ko-ta-kwana ce ta karɓa. Dan Allah ya abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai kiran intanet hanya biyu gare shi, ta haɗa kira daban, ta murya daban. Haɗawar yawanci da SIP ake yi, tsarin da aka fitar da ƙa'idarsa ta yanzu a 2002, ita kuma murya RTP ke ɗaukarta. In ka danna lamba wayarka za ta aika wa saba, wato kwamfutar da ke haɗa kira, saƙon neman kira da ake ce wa INVITE, saba ta duba inda mai lambar ya yi rajista ta buga mishi, yana ɗauka shikenan murya ta riƙa tafiya kai tsaye tsakanin wayoyin biyu. Kamar dillali ne a kasuwar Mai'adua, ya haɗa ku ya koma gefe, ko ya tafi cinikinku na nan. Shi ya sa ba su yanke ba, amma da sun gwada tura kiran wa wani da ya ƙi, dan wannan aikin saba ne. Wasu wuraren kuma ana saita muryar ta bi ta cikin sabar, su kam tana mutuwa kowa ya yanke.

Jinkirin da kuka gani kuwa, waya ba ta sanin saba ta mutu nan take, sai ta taɓa ta ta ji shiru. Kowace waya tana riƙe da jerin sabobi, a tsarin kamfanin Cisco har guda 3 ake iya jera mata, tana aika ɗan saƙon "kina nan?" lokaci lokaci, in ba amsa sai ta koma ta biyu ta sake rajista. A ƙa'idar SIP saƙon INVITE zai iya jiran amsa har daƙiƙa 32 kafin ya haƙura, to ka ga in ba a rage wannan ba mutum zai riƙe waya yana ta halo halo a banza. Wasu kuma jerin sabobin a DNS suke sa shi, wato kundin adireshin intanet, cikin rikodin da ake kira SRV, kowace saba da lambar fifikonta, mai ƙaramar lamba ake fara nema.

Inda nake yawan faɗa da masu haɗa wannan kaya shine su sayi saba biyu su ajiye a ɗaki ɗaya, soket ɗaya, inbata ɗaya, layin intanet ɗaya, wallahi wannan asarar kuɗi ce, ana ɗauke wuta batir ya ƙare duka biyun za su kwanta tare. A kai ta biyun wani gini da wutarta da layin wani kamfanin daban. Reshenku na Daura ma in layin da ya haɗa shi da Katsina ya yanke, ko saba goma gare ku a Katsina ba ruwansu, sai dai a saita rautar reshen, wato na'urar da ke haɗa shi da intanet, ta riƙe wayoyin da kanta, Cisco suna ce mishi SRST, aƙalla 'yan ofis su kira juna.

Ka ce wa mai gyaran naku ya zaɓi wata Asabar ya kashe babbar da gangan, ku riƙe agogo ku ga daƙiƙa nawa wayoyin ke ɗauka kafin su koma, sannan ya kunna ku tabbatar sun dawo mata.