Ga 'yar'uwar da ta yi ɓari a wata na uku

Sannu 'yar'uwa, Allah ya mayar miki da alheri. Kin tambaya ko haka ciwon yake. Eh, a mako na 12 mara kan murɗa kamar naƙuda, gudaji su fito, jini ya yi ta ɗiga har mako biyu. Amma in kina jiƙa audugar mata biyu cikin awa ɗaya, ko kina zazzaɓi ko jiri, ko jinin yana wari, maza asibiti nan Gusau a yi miki hoto, kada wani abu ya saura a mahaifa.

Daka da ɗebo ruwa ba su suka jawo ba, galibi matsalar daga halittar tayin take. Ki yi kukanki, ɗa kika rasa.