Likita Ya Amsa: Gwajin kansar hanji da ake aikawa har gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Gwaram, shekarata 57. Ƙanena da ke aiki a Ingila ya ce gwamnati ta aiko masa da wata 'yar kwalba, wai ya sa bayan gidansa ya mayar musu a duba kansar hanji, alhali lafiyarsa ƙalau. Da gaske ne? A nan ina ake yi? Ni kam na jima ina ganin jini in na kewaya, ina shan jiƙon basir amma shiru.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Maganar ƙanenka gaskiya ce. Hukumar lafiyar Ingila, NHS, ta fara wannan shiri a 2006 da 'yan shekara 60 zuwa 69, daga baya aka kai shi 74, sannan daga 2021 aka riƙa sauko da shi har zuwa 'yan shekara 50. Duk wanda ya yi rajista da likitan unguwarsu, sunansa da adireshinsa suna cikin kwamfuta. Shekarunsa na cika sai wasiƙa ta iso, kwalbar ta biyo baya, haka kuma duk bayan shekara 2. Ba ya biyan ko sisi.

A murfin kwalbar akwai ɗan tsinke. Da shi mutum zai lakato bahaya kaɗan, ya rufe, ya jefa a akwatin gidan waya. Gwajin, wanda ake kira FIT, jinin da ido ba ya gani yake nema, sakamako kuma kan zo cikin kamar mako 2. A cikin mutum 100, wajen 2 ne ake kira don ƙarin bincike, wato a zura siririn bututu mai kyamara ta dubura a leƙa babban hanji. Yawancinsu ma ba kansa ake samu ba. Sau da yawa wani ɗan tsiro ne a bangon hanjin, wanda kan ɗauki shekaru kafin ya rikiɗe, sai a cire shi nan take. A ganina nan ne ribar shirin take, domin an tare cutar tun ba ta zama cuta ba.

Mu a Najeriya ba mu da tsari irin wannan na ƙasa baki ɗaya. Kwalbar kanta ba wata tsiya ba ce. Abin da ke riƙe da shirin shi ne rajistar mutane, da adireshin da wasiƙa za ta samu mai ita, da isassun likitocin leƙa hanji. Ka gwada mutanen Gwaram kaf, waɗanda aka ga jini a nasu ka tura su ina? Gwajin da babu magani a bayansa tayar da hankali ne kawai.

To amma Malam, kai ba kwalba kake buƙata ba. Ita an yi ta ne don masu jin kansu garau irin ƙanenka. Ko a Ingila, wanda ke ganin jini da idonsa ba a cewa ya jira wasiƙa, wurin likita ake tura shi. Mai yiwuwa basir ɗin ne, ko atuni, ko tsagewar dubura, kuma su suka fi yawa. Sai dai abin da muke gani a asibiti shi ne mutum ya shekara yana sayen magani a motar lasifika ranar kasuwa, sai ya rame, ciki ya kumbura, sannan a kawo shi.

Ka je babban asibiti mafi kusa da kai, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, a wannan makon, kada ka ce sai an gama girbi. Ka faɗa wa likita kalar jinin, ja ne jawur ko baƙi, a saman bahaya yake ko a cakuɗe. Ka faɗa masa in yanayin kewayawarka ya sauya, zawo ko bushewar ciki, in kana rama, ko gajiya ta yi maka yawa a gona, da kuma ko wani a gidanku ya taɓa yin irin wannan ciwo. Zai duba ka da yatsa cikin safar hannu. Na san dattawanmu na jin nauyin wannan, amma ba ya ɗaukar lokaci, kuma kansar da ke kusa da dubura sau tari da yatsa ake fara jin ta. In ya ga da buƙata, ka nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano don a leƙa hanjin. Akwai kuɗin da ake biya, don haka ka sanar da ƙanen naka tun yanzu.