Amsar Malam kan sigmar agon da ta fito ƙasa

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari tambayarka: ka harba ayon (atom mai caji) ɗin agon mai ƙarfin 1 keV (eV dubu; eV ma'aunin kuzari ne) ta cikin ɗakin gas na agon, ka auna karan, wato kwararar lantarki, a kofin Faraday (kofin ƙarfen da ke tara ayon) kafin ka buɗe gas (I₀) da bayan ka buɗe (I), sigmarka kuma, wato ma'aunin yiwuwar ayon ya yi musayar caji da atom, ta fito ƙasa da ta littafi. To, kafin ka zargi lissafi, duba kofin nan.

Abin da ke faruwa a ɗakin shi ne, ayon mai gudu yana wafce ilektron daga atom ɗin da ke zaune, sai ya wuce abinsa ba caji, gudunsa kuma kusan bai ragu ba. Kai kana ƙirga shi a cikin waɗanda suka ɓace, alhali yana nan tafe, kai tsaye cikin kofinka. Caji kam ba shi da shi, amma idan ya daki ƙarfen yana fizgo ilektron, musamman ƙarfen da bai da tsabta. Duk ilektron ɗin da ya tsere daga kofi, mita za ta karanta shi kamar ayon ne ya shigo. Ka gane? Ilektron ɗin da ayon ɗin kansu ke fizgowa ba su cika damun ka ba, don suna sokewa in ka raba I da I₀. Na marasa cajin nan ne ba sa sokewa, domin sai da gas suke samuwa. Shi ya sa raguwar ta yi kaɗan, sigma ta faɗi.

Maganin: sa zobe a bakin kofin, ka ba shi negatif. Fara daga sifili kana ƙara bolt 10-10, kana rubuta karan. Zai yi ta sauka har ya tsaya cak, yawanci kafin bolt 50, saboda mafi yawan ilektron ɗin ba su kai 10 eV ba. Ka bar shi wajen 90. In da hali ma, sa faranti biyu bayan ɗakin gas su karkatar da ayon zuwa kofin gefe, marasa caji su wuce gaba. Ni wannan na fi so.

Sai matsin gas, nan ma ana asara sosai. A matsin militor 1 (kashi ɗaya cikin dubu na tor, ma'aunin matsi) da zafin ɗaki, atom kusan 3.2 × 10¹³ ne a santimita kubik. Sigma tana wajen 2.5 × 10⁻¹⁵ santimita sukwaya, ɗaki santimita 5, kusan kashi ɗaya cikin uku na ayon ɗinka sun tafi. Ya yi yawa, karo biyu-biyu zai shigo, gas kuma zai yi ta yoyo ta ramukan ɗakin ya ƙara maka tsawon da ba ka ƙirga ba. Sauko militor 0.1 zuwa 0.2, ka ɗauki maki biyar ko shida, ka zana ln(I₀/I) da matsi. Layi miƙaƙƙe nake son gani. Da wace na'ura ma kake auna matsin? In ma'aunin ayon ne, da naitirojin aka saita shi, a agon sai ka raba karatun da 1.29, a hiliyam da 0.18. Kuma don Allah ka rataya ma'aunin zafi a jikin ɗakin. Nan Bauchi a watan Afrilu, NEPA ta ɗauke wuta, AC ya mutu, ɗaki ya doshi digiri 40 kai kana lissafi da 20, kuskuren kashi 7 cikin 100 ke nan a yawan atom.

Ɗaya tambayar taka, ko za ka auna gama, wato ilektron nawa ayon ɗaya ke fitarwa, da wannan injin. Masanin kimiyya Hagstrum ya yi aikin a 1954 kan tongistin mai tsabta: agon wajen 0.1, hiliyam kusan 0.3, domin hiliyam na ɗauke da 24.6 eV, agon 15.8, kuma sai an haura ninki biyu na 4.5 eV ɗin da ake buƙata don fizgo ilektron daga tongistin kafin ilektron ya fita ta ƙarfin cajin ayon. Amma a 10⁻⁶ tor, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu gas ya lulluɓe fuskar ƙarfen. In famfon zuƙe iskarka bai kai 10⁻⁹ tor ba, ka auna, sai dai ka rubuta a fili cewa ƙarfen ba mai tsabta ba ne.

Ka turo mana hoton zanen karan da boltin zobe tukuna, mu gani ko ya kwanta.