Kilo 80 ɗin da ka maƙale a kai

Kai yaro, na ga saƙonka tun daren jiya, ban amsa ba ne saboda raina ya ɓaci, nace bari in kwana tukuna. Kace wata biyu kenan ka maƙale a kilo 80 a benci, wato tura ƙarfe daga ƙirji kana kwance, ko ɗaya baka iya ƙarawa, wai ko ka jibga goma goma kowane gefe ka tilasta wa jikin, ko kuma ka nemi allurar nan ta kumbura tsoka da yaran wancan jim ɗin suke yi. Kuma ni kake yi wa wannan tambayar. Shekara biyu kana share min wuri kana jera faifai, kullum kana wuce sandar nan da ta lanƙwashe a bayan shago, ko sau ɗaya baka taɓa cewa Oga me ya lanƙwasa wannan ba. Toh yau zaka ji.

Ba zan tsaya koya maka yadda ake kwanciya a benci ko yadda ake ɗumama jiki ba, wanda ya shekara biyu a wurina bai san wannan ba ya nemi wata sana'ar.

Sandar nan babur ɗina na sayar na saye ta. Kafin ita da me muke aiki? Bututun ruwa da siminti da muke zubawa a gwangwanin fenti, sai filawil ɗin mota da nake tsintowa a Kofar Ruwa in yi masa walda. Ita kuwa ta gaske ce, irin ta gasa, kilo 20 cif, bakinta yana juyawa kamar an shafa masa man shanu, ta zo daga Legas tare da jajayen faifai na kilo 25 guda huɗu. Ranar da ta iso a ɗakina ta kwana, ban yarda an barta a shago ba.

A lokacin ina da wani yaro ɗan dako ne a Dawanau, buhun kilo 100 yake ɗauka a ka tun safe har la'asar, ya zo wurina yana da shekara 19. Ban taɓa samun yaro mai ƙugu da cinya irin nasa ba, kuma har yau ban samu ba, kai ma ka ji da kyau. Amma duk da ƙarfin nan nasa da sanda tsura na fara shi, sati uku ba faifai ko ɗaya, yana tsugunno yana tashi yana gunaguni ina jinsa ina yin kamar ban ji ba. Na saya masa littafin rubutu irin na 'yan firamare, duk abinda ya ɗaga sai ya rubuta, rana, kilo nawa, sau nawa. Shekara uku muna a haka, kaɗan kaɗan, har ya kai kilo 170 a skwat, wato tsugunno da tashi da sanda a kafaɗa, tsaf, ba rawar gwiwa, ba sunkuyar da baya. Saura wata biyu a yi gwajin zaɓen 'yan wasan jiha, kuma wallahi na san babu wanda zai tsaya gabansa a ajin nauyinsa.

Sai ga wani ɗan mai kuɗi ya zo da mota, wai zai buɗe jim a unguwar manya, injina duk sun iso amma sandarsa bata iso ba, kuma ranar Asabar za a yi bikin buɗewa. In ara masa tawa da faifai na kwana ɗaya, in bashi yarona ya ɗan nuna wa baƙi, zai biya ni kuɗin haya ya kuma sallami yaron. Yana ta Oga Oga, yana cewa ai duk garin nan an san hannuna. Kuskurena kenan, daɗin baki ya ɗauke ni, kuma ranar akwai ɗaurin auren ƙanwar matata a ƙauye ba yadda za a yi in ƙi zuwa. Na kira yaron gefe nace kada ka wuce 150, ka yi uku ka ajiye, ko sarki ne ya roƙe ka kada ka ƙara. Yace toh Oga.

Daga baya a wayar mutane na ga abinda ya faru, don kowa a wurin waya ya ɗaga. Ya yi 150 kamar wasa, aka yi tafi, mai wurin ya karɓi lasifika yace wa zai so ya ga 200? Aka hau ihu. Yaran mai wurin sun riga sun bashi tiramol tun safe wai don kada ya ji gajiya. Kilo 30 sama da abinda ya taɓa ɗauka a rayuwarsa, ba ƙarfen tarewa a gefe, ba mutum ɗaya a bayansa da ya san yadda ake tare mutum, ƙasa kuma tayil ne mai santsi. Ya sauka, ya fara tasowa, a rabin hanya ƙugun ya riga ƙirji tashi, bayan ya lanƙwashe kamar baka, sai ya kife. Sandar ta faɗa kan gefen benci da duk nauyin nan a kanta. Ka san me ya fi ci min rai a bidiyon? Yana kwance yana nishi akwai wanda bai sauke wayarsa ba, har matsowa yayi.

Likita yace faifan da ke tsakanin ƙasusuwan gadon bayansa ne ya goce yana danne jijiya. Wata huɗu yana jan ƙafar hagu. Gwajin jiha ya wuce, dakon ma da yake ci da iyayensa ya gagara, yanzu rake yake sayarwa a baro, in mun haɗu ya gaishe ni kansa a ƙasa ni kuma in kasa kallon idonsa. Mai jim ɗin kuwa ko sisi, na yi sawu ya fi goma, ƙarshe ya aiko min da sandar a bayan a-kori-kura a lanƙwashe, da faifai biyu maimakon huɗu, yace ai dama sandar gwanjo ce, yaron kuma shi ya ga dama ba wanda ya sa masa bindiga. Kuɗin asibiti ni na biya da kuɗin walda. Na bar shi da Allah amma ban yafe ba, kuma ba zan ɓoye maka ba duk sanda na wuce ta gaban ginin nan sai na ji ɗaci a bakina.

Shine kai kuma yau kazo min da goma goma kowane gefe.

Ka saurara. Tsoka tana saurin ƙarfi, jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi kuwa a hankali take bin baya, shi yasa mai gaggawa yake jin kamar zai iya, ya ɗaga, abin ya tsinke masa a kafaɗa ko a ƙirji. Allurar da kake magana tana ƙara wannan tazarar ne, tsoka ta kumbura jijiya tana nan inda take, banda abinda take yi wa hanta da zuciya da mazakutar mutum, wanda mai sayar maka ba zai faɗa ba. Wasu ma ba ita ake basu ba, ƙwayar ƙiba ce irin ta sha-ka-fashe, fuska ta cika ruwa su ɗauka ƙarfi ne. Tiramol kuma ba ya ƙara maka ko rabin kilo, kashe maka ƙararrawar da Allah ya sa a jikinka kawai yake yi. Kuma in gasa kake hange, ka tambaya a baka labarin Chika Amalaha, yarinya 'yar shekara 16 ta ci zinare a ɗaga ƙarfe a gasar Commonwealth ta Glasgow a 2014, gwaji ya kama ta aka karɓe. Mariam Usman kuwa ta biyar ta zo a gasar Olamfik ta Beijing a 2008, bayan shekaru aka sake gwada fitsarin waɗanda suka wuce ta, biyu suka faɗi, tagulla ta dawo hannunta.

Maƙalewa a 80 ba ciwo bane, kowa yana maƙalewa. Na san dalilin naka don ina kallonka. Kullum ka shigo benci, Litinin benci, Talata benci, Laraba benci da damtse a gaban madubi, kuma kullum 80 ɗin kake gwadawa sau ɗaya ka kasa ka tashi kana huci. Wannan ba atisaye bane, jarabawa kake zaunawa kullum ba tare da karatu ba. Ka sauka zuwa 70. Eh 70, kada ka ɓata min fuska, wanda zai yi maka dariya ba shi zai yi jinyarka ba. Ka yi biyar biyar sau uku, ka huta minti uku a tsakani, hutu na gaske ba latse-latsen waya ba. Sau biyu a sati kawai, da kwana biyu ko uku a tsakani. Sati mai zuwa ka ƙara kilo 2.5, wato 1.25 kowane gefe. Ƙananan faifan nan da kuke shure su da ƙafa kuna cewa wasan yara, ni na yanka su da hannuna daga falankin ƙarfe, na kai wurin mai nama muka ɗora a sikeli ina gogewa da giranda har suka yi daidai da juna, kuma duk shagon nan babu ƙarfen da ya kai su amfani. Ka lissafa, 72.5, 75, 77.5, a sati na biyar kana kan 80 amma sau biyar kake yinsa ba sau ɗaya ba. Ranar da biyar ɗin ta ƙi cika ka maimaita nauyin a zama na gaba, in ta ƙi har sau uku ka sake ja da baya da kamar kashi goma cikin ɗari ka sake hawa. Nan gaba ƙarin zai koma na wata wata, kuma ko 2.5 ne a wata kilo 30 kenan a shekara. Nuna min yaro ɗaya cikin masu allurar nan da ya ƙara 30 ya riƙe ta shekara uku.

Sannan ƙafa da baya. Ku yaran yanzu ƙirji da damtse kawai kuka sani saboda su ke fitowa a hoto, sama kamar randa ƙasa kamar sillen kara. Wanda baya skwat baya ɗaga ƙarfe daga ƙasa baya jan sanda, bencinsa ma tsayawa yake, don bayan nan shine shimfiɗar da kake turawa daga kanta. A da sai yaro ya yi wata shida kafin in bari ya taɓa jajayen faifan nan, yanzu yaro zai kalli bidiyon minti ɗaya a TikTok ya zo yana gyara min tsayuwa.

Abinci kuma na ga abinda kake ci, biredi da lemon kwalba da rana. Mai nauyin kilo 70 irinka yana buƙatar abin gina jiki wajen giram 110 a yini, ƙwai ɗaya 6 ne kacal a ciki, ka ga ba da ƙwai biyu a indomi za a kai ba. Ba sai ka sayi garin gina jiki na cikin roba mai tsada ba, wake yana nan, awara, ƙuli-ƙuli, nono, kifi, gyaɗa, ranar da aljihu ya yi nauyi ka ƙara nama. Barci awa bakwai zuwa takwas, kai kuma ƙarfe ɗayan dare kake turo min saƙo.

Ranar Litinin bayan Asuba ka zo da littafi da biro, ba waya ba. Kafin ka taɓa komai ka zagaya baya ka ɗauko sandar nan ka kwantar da ita a ƙasa ka gangara ta da ƙafa ka ga yadda take tsalle, sannan ka mayar da ita inda take ka zo ka ɗora 70. Mukullin shago kuma ka bar shi wurin mai shayi daga yau, ba zaka sake shiga kai kaɗai da dare ba sai na ga sati biyar a rubuce.