Ku Tambaya Mu Amsa: Karatun tsofaffin labarai a ajin manya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da mata goma sha huɗu a wani ajin yaƙi da jahilci a Garwa, ƙasar Kamaru. Wasu sun taɓa makarantar Faransanci, wasu allo kaɗai suka yi. Mun fara karanta gajerun labaran Hausa na da, amma karatun sai sarƙewa yake, kuma in na tambaye su abin da suka fahimta sai ajin ya yi tsit. Ina gyaran yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri. Matsala biyu ce ta haɗe miki, kuma ta farko daga baƙaƙe take.

Wadda ta koyi karatu da Faransanci tana ɗora ƙa'idarsa a kan Hausar boko. Ta ga "gida" ta ce "jida", ta ga "ci" ta ce "si". Harafin s tsakanin wasula biyu kuwa z take mayar da shi, sai "kasa" ta koma "kaza", ma'anar jimla ta watse. Ki ware zama biyu kafin a taɓa labari. Rubuta a allo: u ɗinmu shi ne ou nasu, sh shi ne ch, c shi ne tch, j shi ne dj, g kuma ba ya sauya murya ko me ya biyo shi. Sannan ki kawo masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ, da kalmomi bibbiyu irin kafa da ƙafa, bari da ɓari. Wadda ta saba da rubutun Fulatanci ta riga ta san ɓ da ɗ, ƙ ce za ta ba ta aiki. Masu allo kuwa, ki bar su su rubuta ajami a ƙarƙashin kalmar da ta gagare su.

Game da littafi, Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a Zariya a 1937, ya dace da manya. Littafi uku ne, a fara da na ɗaya. Ki ba su farkon labarin da baki, yadda sarki ya fita yaƙi, aku ya riƙa tsare Musa ɗan sarkin da labarai don kada ya faɗa tarkon Waziri. Daga nan kowane zama labari ɗaya, wanda bai wuce shafi uku ko huɗu ba. Littafi guda ya ishi mutum biyu.

Zama kada ya wuce awa ɗaya da rabi, kuma a zafin Maris da Afrilu a yi shi bayan la'asar. Minti goma na farko ki fitar da kalmomi biyar ko shida da kika san za su tsaya musu a wuya, kamar fam da sule, ko sunayen sarautun da ba a ji a fadar Lamiɗo. Sai ke da kanki ki karanta da ƙarfi, suna bi da yatsa. Kada ki fara da zagayen kowa ta karanta layinta: kowace za ta tsaya ƙirga inda nata zai faɗo, ba mai sauraron labari. Ki dakata kafin ƙarshe, ki rufe littafin, ki ce su faɗi yadda za ta kaya. Bayan an ƙarasa, su maimaita sakin layi ɗaya su biyu-biyu, a hankali.

Shirun nan kuwa tambayar ce ke jawo shi. "Me kuka fahimta?" da "Wane darasi muka koya?" tambayoyin jarrabawa ne, kuma uwar 'ya'ya biyar ba za ta yarda ta yi kuskure a gaban sa'ar 'yarta ba. Ki yi tambayar da ke raba kan mutane: wa ya fi laifi? Hukuncin alƙalin nan adalci ne? Da a kasuwar Garwa abin ya faru, me za a yi wa mutumin? Duk wadda ta ba da amsa, ki ce ta nuna layin da ta dogara da shi. A nan ne hira ke komawa karatu, kuma mu a ganinmu wannan matakin ya fi kowane muhimmanci. Kada ki yanke hukunci a ƙarshe. In sun tashi suna gardama, zaman ya yi kyau.

Ki riƙa karanta labarin tun a gida. Tsofaffin labarai ba sa rasa zolayar wata ƙabila ko kushe mata, ajinki kuwa da wuya a ce Hausawa zalla ne. Ko ki tsallake irin wannan, ko ki sa shi a faifai a tattauna.

Tambaya: Daga Kusiri, ƙasar Kamaru. Akwai wani dattijo a ajinmu da ke cinye hirar shi kaɗai. Yaya zan yi ba tare da na ci fuskarsa ba?

Amsa: Malam, ka ba shi matsayi. Ka ce, "Baba, kai za ka rufe mana, bari yara su fara." Sai ka raba ajin uku-uku na minti goma, kowace ƙungiya ta zaɓi mai magana da yawunta, kuma wanda ya yi wannan mako ba zai yi na gaba ba.