Turaren wardi mai ƙamshin itace da ambar: zai jure zafi?

Malama, kin tambaya ko turaren da aka haɗa da wardi, itace da ambar zai dace da lokacin zafi, da kuma dalilin da ya sa ƙamshinsa yake sauyawa bayan an fesa.

Sauyin nan ba aibi ba ne. Wardi ne yake fara tashi, sannan itacen, galibi sandal ko al'ud, ya kwantar da zaƙinsa, daga ƙarshe ambar ya rage a fata da ɗan gishiri-gishiri mai ɗumi, wanda a wurina shi ne mafi daɗin turaren, domin har washegari ina jinsa a mayafi. A tsananin zafi wardin yana saurin gushewa, itacen kuma ya yi nauyi, saboda haka feshi ɗaya ko biyu ya wadatar. Ya fi kyau da yamma ko da hunturu.

Ambar na asali daga cikin wani nau'in ƙaton dabbar teku yake fitowa, ana tsintarsa a gaɓar teku, kuma yana da matuƙar tsada. Yawancin turarukan yau masu ƙamshin ambar madadinsa suke ɗauke da shi, kamar sinadarin Ambroxan, wanda ake haɗawa a masana'anta, don haka kada ki biya kuɗin na asali bisa maganar mai shago kawai.

Kada ki yanke hukunci daga sansanar murfin kwalba. Ki shafa a wuyan hannu, ki jira sa'o'i kaɗan. Idan kika ga ƙaiƙayi ko ƙuraje, ko numfashinki ya yi nauyi, ki dakata, ki ga likita, musamman idan kina da asma.